Hani Ba Tare Da Bayani Ba

A shekarar 1996 majalisar Amurka ta ware dala miliyan 50 kowace shekara domin a koya wa samari da 'yan mata kamewa zalla har ranar aure, ba tare da an kwaɗaitar da su ga wata hanyar kariya ba; kuma duk mai addini, Musulmi ne ko Kirista, in ya ji wannan da farko, zai ce ai magana ta yi, tun da yake kame kai abin yabo ne a kowace shari'a.

Sai dai niyya daban, natija daban. Da majalisar ta sa aka bi sawun yara fiye da 2,000, aka fitar da bayani a 2007, sai aka tarar waɗanda suka sha wa'azin da waɗanda ba su sha ba duk kanwar ja ce, domin adadin masu kamewa ɗaya ne, shekarun fara saduwa kuma ɗaya, sha biyar ba kaɗan. Su kuwa masu ɗaukar alkawarin budurci, irin na True Love Waits da aka fara a 1993, nazarin Bearman da Brückner ya nuna sukan jinkirta kamar wata 18, amma ranar da alkawari ya warware, sun fi sauran afkawa ba kariya, gama wanda ya rantse ba zai shiga rafi ba ba ya koyon iyo.

A ganina illar ba ta cikin kamewa, tana cikin zaton cewa jahiltar abu garkuwa ce daga gare shi, alhali kuwa malamanmu na zaure, waɗanda ba wanda zai tuhume su da ƙarancin kunya, ba su taɓa bin wannan mazhaba ba. Nana A'isha ma ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. Almajirin da bai gama balaga ba yakan durƙusa gaban malaminsa da Risala a hannu, a fassara masa hukuncin janaba da haila, a bambance masa maniyyi da maziyyi da wadiyyi dalla-dalla cikin Hausa, mahaifinsa na zaune a gefe yana jan carbi.