Hannun da Ke Ciki

Ya Ubangiji, akwai wata tambaya da ke bina a garin nan. Duk wanda muka gaisa da shi, kafin mu rabu sai ya yi ta: "To, a ina kake aiki?"

Ba da mugunta suke yi ba. Haka ake sanin baƙo a yankin babban birnin tarayya. Wani aikin gwamnati ya kawo shi, wani kasuwanci, wani gini. Nakan ce, "Ana nan ana nema." Su ce, "Allah ya sa a dace." In ce amin. Amin ɗin daga zuciya take fitowa, kai ka sani. Amma in muka rabu, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Shi ne na kawo maka da safen nan.

Ka san yadda aka yi na baro Zariya. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin man fetur. Kafin mako ya zagayo, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin mota ya bi, mudun masara ya bi, magani ya bi. Ɗan wurin da nake aiki ya yi ta ɗingishi. Wannan wata a biya rabi, wata mai zuwa a ba da haƙuri. Har ranar da mai wurin ya tara mu, muryarsa na rawa, ya ce ba zai iya ba. Ban riƙe shi a zuciya ba. Shi ma abin ya fi ƙarfinsa.

Mun ga karayar arziki a 2016, da farashin ɗanyen mai ya faɗi. Mun sake gani a 2020 lokacin korona. Waɗancan ta gefena suka wuce. Wannan har cikin ɗaki ta same ni.

Da na fara maganar tashi, kawuna ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ka san inda za ka sauka tukuna." Maganar babba ce, na kuma karɓe ta da hannu biyu. Na zo gabanka da ita. Ban ji wata murya ba, ban yi mafarki ba. Wata natsuwa ce kawai ta sauko mini, ta ƙi tafiya. Sai wani ɗan'uwa ya aiko cewa akwai ɗaki a gidan da yake haya a Kwali.

Cikin birnin Abuja ba na irinmu ba ne. Gwagwalada ma haya ta yi sama. Gaba kaɗan a kan hanyar Lokoja, nan kuɗinmu ya kai, nan muka sauke kaya.

Da asuba nakan ji manyan motoci suna gurnani a kan titi, masu gangarawa kudu da masu haurowa arewa. In gari ya waye nakan ga ma'aikata a bakin hanya, riga a goge, jaka a hannu. Wasu Sheda za su, inda Cibiyar Lissafi ta Ƙasa take da sauran cibiyoyin bincike. Wasu sakatariyar ƙaramar hukuma. Wasu sai sun kai birni. Kowa da inda ake jiransa.

Ni kuwa sai zuciyata ta hau ƙirge. Garin da ya rage a roba. Watan da haya za ta ƙare. Takalmin ƙaramin yarona da ya fara matse shi.

Abin da zuciyar nan ke so na san shi, Uba. Takarda take so, mai hatimi da sa hannu, wadda za ta ce ga albashinka ranar kaza. Tana ganin in ta riƙe wannan, sai ta kwanta ta dogara gare ka da kyau. Kai kuma ka ga dama ka fara koya mata dogara tun takardar ba ta zo ba.

Shekaranjiya mai shago ya ba ni canji, a ciki akwai naira 20. Ta sha hannu, launinta ya koɗe. Yanzu da ƙyar take sayen wani abu. Na juya bayanta, sai ga Ladi Kwali tana aikin tukunya. Tun ina Zariya nake riƙe irin takardar kuɗin nan, ban taɓa kawowa a raina wata rana zan kwana a garin matar ba.

'Yar nan ce, Gbagyi, a hannun manyanta mata ta koyi ginin tukwane. Tulunanta sun kai fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar tukwanen da ya buɗe a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja. Ita ce mace ta farko da ta zauna aiki a cikinta. Ba ta yi boko ba, amma ta je Ingila da Amurka ana taruwa ana kallon hannunta, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta can garinmu ta ba ta digirin girmamawa. Ita ma ta bar gida wata rana.

Sai dai ba sunan da ta yi ne ya riƙe ni ba. Hotonta ya tuna mini da wata tsohuwa da na tsaya kallo a wani ƙauye kusa da nan, ranar da na dawo daga yawon nema hannu rabbana.

Na ce, "Sannu da aiki, Mama."

Ta ce, "Yawwa, ɗana," ba ta ko ɗago ba.

Ba ta da wani inji. Curin yumɓu ne ta ɗora a kan kututture, ta nutsa dunƙulen hannu a tsakiyarsa ta yi rami. Daga nan ta sunkuya ta fara zagayawa, da baya da baya. Tukunyar tana wuri ɗaya, tsohuwar ce ke tafiya. Hannu ɗaya yana waje, yana danna yumɓun yana jansa sama. Ɗayan ya nutse a ciki har gwiwar hannu, ba ka ganinsa. Duk inda na wajen ya danna, na cikin yana nan daidai wurin ya tare. In bangon ya yi tsawo sai ta murza wani yumɓun ta ɗora a baki, ta shafe, ta ci gaba da zagaye. Gumi yana ɗiga daga haɓarta.

Na ce, "Mama, in kika cire hannun na ciki fa?"

Ta yi dariya. Ta ce, "Sai ta rufta mana."

Tun ranar maganar nan take dawo mini. Ashe shi ya sa ka aiki Irmiya gidan maginin tukwane, ya tsaya ya kalla, kafin ka yi masa magana.

Hannun waje na san shi, ya Ubangiji. Ina jinsa kullum. Ina jinsa a kasuwa in mai awo ta faɗi kuɗin mudu. Ina jinsa in wayata ta wuni ba ta yi ƙara ba. Ina jinsa in maiɗakina ta raba tuwo ta ce ita ta ƙoshi, alhali na ga abin da ta ci.

Ba na cewa kai ka tsawwala farashin mai. Mutane ne suka zauna suka yanke, kuma akwai ranar da za su amsa a gabanka yadda talaka ya ji a jikinsa. Wannan na bar maka. Abin da nake dubawa da safen nan wani ne daban.

Ban rufta ba.

Wannan ne abin da ya ba ni mamaki. Na san kaina. Na san yadda nake in abu ya matse ni. Ga shi an danna, an sake dannawa, bangon bai faɗa ba. Jiya na yi barci har asuba. Gardamar da nake tsoron talauci zai kawo tsakanina da matata ba ta zo ba. Da safe nakan ji ta tana shara tana raira waƙar sujada a hankali, don kada ta tashi yara. Wannan ƙarfin ba nawa ba ne. Akwai hannun da ya tare daga ciki.

Ba na ganinsa. Tsohuwar nan ma ban ga hannunta na ciki ba. Tsayuwar bangon ce ta nuna mini yana nan.

Kuma daidai wurin yake tarewa. Ranar da kuɗin mota ya ƙare mini a Gwagwalada, ɗan'uwa daga ikilisiya ya tsaya da babur bai san komai ba, ya ce, "Ɗan'uwa, gida za ka? Hau mu je." Ranar da garin ya ƙare, matar maƙwabcinmu ta shigo da doya a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, ta dire a bakin ƙofa ta ce, "Na yara ne." Ba su kawo na wata guda ba. Na ranar suka kawo. Da farko hakan ya dame ni, don na so in ga rumbu cike. Yanzu na fara gane cewa hannun ciki ba ya gaba, ba ya baya. Inda ake dannawa, nan yake.

Akwai kuma kwanakin da nake kira in ji shiru. A irinsu zuciyata takan ce ka tafi. Amma na ga tsohuwar nan ta bar gefen da nake tsaye ta koma wancan. Gefen nawa ya zauna ba hannu a kansa. Ba barin tukunyar ta yi ba, zagaye take, kuma ba a jima ba ta dawo ta kansa. Wataƙila a kwanakin shirun nan kana aiki a gefen da ba na gani. Wataƙila a zuciyar wani da ban taɓa haɗuwa da shi ba. Wataƙila a cikin yarana, da suke koyon yi maka godiya a kan abinci kaɗan.

Wani tunani yakan zo mini da dare. Yakan ce, da kai ne ka kawo ni, da hanya ta buɗe tun ranar da na sauka. Sai in tuna da Ibrahim. Yana da shekara 75 ya bar Haran bisa ga kiranka. Ya isa Kan'ana, ƙasar da ka nuna masa, sai yunwa ta tarar da shi a can. Kiran gaskiya ne, yunwar ma gaskiya ce. Ɗaya bai ƙaryata ɗaya ba. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, Uba. Wahalar da na tarar a Kwali ba ita ce shaidar na ɓace hanya ba.

Ina tuna Rut kuma. Ta bar Mowab ta bi surukarta zuwa Baitalami, ba gona, ba miji, ba wanda ya yi mata alkawarin komai. Lokacin girbi suka isa. Ba ta zauna jiran babban abu ba, ta fita kala a bayan masu girbi. A gonar kalar nan ka shirya mata sauran.

Mu ma kaka ce yanzu. Hazo ya fara sauka, dawa ta nuna, ana ta tonon doya. Jiya da yamma maƙwabcin nawa ya same ni a ƙofar gida. Gonarsa tana wajen Dafa, ta ɓangaren kogin Gurara. Ya ɗan yi jim, yana jin nauyi, sannan ya ce, "Malam, in ba za ka raina ba, gobe muna tono. Da yamma ana sallamar kowa, ka kuma taho da ta gida."

Na ce, "Baba, raini kuma? Na gode. Da ni za a je."

Na ji daɗin yadda amsar ta fito ba tare da na yi kokawa da ita ba. Wannan ma aikinka ne.

Takarduna suna nan a jaka. Zan ci gaba da kai su duk inda aka ce in kai, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ina roƙonka aiki, ya Ubangiji, ba na ɓoyewa. Aikin da zai biya haya, ya mai da yara makaranta, ya ba ni abin aika wa kawu. Kai Uba ne, ba na jin kunyar roƙonka. Amma kafin ya zo, kada ka cire hannunka.

Ka tuna da sauran irina. Kusan kullum ina ganinsu suna sauka a bakin titi da jakar bakko, suna waige-waige, suna kiran lambar da ba a ɗauka. Wasu tsada ce ta koro su, wasu 'yan bindiga ne suka raba su da gonakinsu. Ka sa su faɗa hannun mutanen kirki, yadda ka yi mana. In akwai wanda zan iya nuna wa hanya ko in ba shi ruwa, ka buɗe mini ido in gan shi.

Ka albarkaci mutanen garin nan da suka karɓe mu, da gonakinsu, da hanyar da za mu bi yau. Ka tsare mu zuwa da dawowa.

Na daɗe rabona da aikin gona, tafin hannuna ya yi laushi. Ka ba ni ƙarfin baya. Ka ba ni kula wajen tono, kada in sare wa bawan Allah doyarsa, don wadda ta ji rauni ba ta ajiyuwa, a kasuwa ma ba ta kuɗi. Ga maƙwabcin nawa can yana ta da babur, yana kirana. Na fita da sunanka. Amin.