Awo Da Sani

Mutanen da sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To, a zamanin nan masana sun ƙago wani irin ido wanda shi mudu ne na sosai, ana kiransa lida. Abin tambaya shi ne, ko ya san ƙima?

Ga yadda ya ke aiki. Akwai wani siririn haske mai ƙarfi da a ke kira leza, wanda aka fara yi a Amurka cikin shekara ta 1960. Na'urar takan harba shi, ya bugi abu, ya komo. Da ya ke an san haske yana tafiyar mil 186,000 a sakan guda, sai ta lissafta lokacin zuwansa da komowarsa, ta san nisan abin. Tana yin haka sau dubbai kafin mutum ya ƙifta ido, har siffar wurin ta fito sarai.

Amfaninsa wajen zanen taswira ba ya musuwa. A ƙasar Gwatamala an ɗora shi a jirgin sama, hasken ya riƙa kurɗawa ta tsakanin ganyayen kurmi yana taɓo ƙasa. A 2018 aka ba da labarin an gano kufan gine-gine fiye da 60,000 na mutanen Maya, waɗanda daji ya binne tun da daɗewa. Aikin da masu awo za su yi shekaru suna sara da adda, ga shi an gama shi daga sama. Kufai kuwa ba ya motsi. In an yi kure yau, gobe a gyara.

Hanyar mota ba haka ta ke ba. Hazo da ƙura da ruwan sama suna rage wa hasken ƙarfi, kuma ba ya rarrabe jar fitila da koriya, shi ya sa a ke haɗa shi da kyamara. Amma babbar iyakarsa ta fi wannan.

Ran 18 ga Maris, 2018, da dare, a garin Tempe na jihar Arizona, wata mata tana tura kekenta za ta ƙetare titi, sai motar gwaji ta kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta kaɗe ta, ta rasu. Masu bincike na gwamnati suka tarar na'urorin motar sun hango ta fiye da sakan 5 kafin haɗarin. Watau awo bai yi kure ba. Sai dai kwamfutar ta yi ta wasu-wasi, ta ce mota ce, ta ce wani abu ne, ta ce keke ne, ba ta kai ga gane mutum ne mai ƙetarawa ba. Yaro ɗan shekara biyar zai gane haka da kallo ɗaya, ko da ya ke bai san kamu nawa ne tsakaninsu ba.

An kuwa zaunar da ma'aikaciya a kujerar direba don irin wannan rana, amma idonta yana kan wayarta. Lalle ta yi sakaci. Duk da haka mai karatu ya auna: wanda aka ce ya tsare abin da ke yin daidai sau dubu, da wuya hankalinsa ya kasance a wurin a na dubu da ɗaya. Waɗanda suka zaunar da ita sun san halin ɗan Adam, kuma su ne suka kashe birkin gaggawa da aka ƙera motar da shi. Alhaki bai kamata ya tsaya kan mutum ɗaya ba.

A 2019 mai gabatar da ƙara ya ce ba za a tuhumi kamfanin da laifi ba. A 2023 ma'aikaciyar ta amsa laifin jefa rai cikin hatsari, aka yanke mata shekara 3 ana lura da ita.