"Jikina Ya Ba Ni": Har Ina Za a Gaskata Shi?

Idan Bahaushe ya ce jikinsa ya ba shi, ba ya tsayawa kawo hujja. Gaba ke faɗuwa idan mugun labari na tafe, hantar ciki ta kaɗa idan tsoro ya zo, jiki ya yi sanyi idan an yi rashi, zuciya ta tafasa idan an taɓa mutunci. Harshen ya daɗe da raba wa gaɓoɓi abin da rai ke ji. Abin tambaya shi ne, wannan labari da jiki ke kawowa, a kama shi hannu bibbiyu ko a yi masa tambayoyi?

Eugene Gendlin, masanin falsafa da aka haifa a Ostiriya a 1926, wanda iyayensa suka tsere da shi Amurka saboda 'yan Nazi, ya ƙare rayuwarsa a kan wannan tambaya. A Jami'ar Shikago, inda ya yi aiki da masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers, shi da abokan aikinsa sun saurari ɗaruruwan faifan zaman da masu damuwa suka yi da masu ba su shawara. Suna neman dalilin da wasu ke samun sauƙi, wasu kuwa su shekara suna zuwa ba canji. Sai suka tarar bambancin yana ga yadda mai damuwar ke magana, kuma tun zaman farko ko na biyu ake gane shi.

Wanda zai amfana ba ya zuba zance kamar karatun hadda. Yakan tsaya, ya lalubi kalma. A ce mace ce: za ta ce haushi take ji, sai ta yi shiru, ta dafa ƙirji, ta ce a'a, ba haushi ba ne, wani abu ne ya tokare ta a nan. Can sai ta ce kamar an mance da ita ne. Da kalmar ta dace, sai ajiyar zuciya ta ƙwace mata, kafaɗunta su sauka. Wannan lalube Gendlin ya mayar matakai shida da ake koya wa mutane, a littafinsa Focusing na 1978. A wurinsa, jiki yana riƙe da sanin halin da mutum ke ciki tun kafin baki ya sama masa suna.

Binciken ƙwaƙwalwa ya ba shi wani goyon baya. A 1997, Antoine Bechara da Antonio Damasio da abokansu a Jami'ar Iowa sun ajiye wa mutane tarin kati huɗu. Biyu suna ba da kuɗi da yawa amma asararsu ta fi ribarsu, biyu kuma ribarsu kaɗan ce amma mai ɗorewa. Na'urar da aka maƙala wa fatar 'yan wasan ta nuna gumi yana tsattsafo musu idan za su miƙa hannu ga mugun tari, tun ba su iya faɗin abin da ke faruwa ba. Waɗanda suka sami rauni a wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa ba su yi wannan gumin ba, suka yi ta ɗibar katin asara, har da waɗanda suka riga suka gane dabarar wasan.

Sai dai jikin da ke gargaɗi shi ne kuma ke ruɗarwa. A 1974, Donald Dutton da Arthur Aron sun sa wata budurwa ta tare maza a kan gadar Capilano ta ƙasar Kanada, siririyar gada mai lilo, kimanin mita 70 sama da kogi. Ta yi musu 'yan tambayoyi, ta ba su lambar waya. Rabin waɗanda suka karɓa sun kira ta, alhali a wata gada gajera mai ƙwari ƙalilan ne suka kira. Masu binciken suka ce bugun zuciyar na tsoro ne, mazan suka ɗauke shi na so. Haka mai ciwon firgita: zuciyarsa na bugawa da gaske, amma fassarar da ya yi mata, cewa ajali ne ya zo, ita ke ƙara hura wutar. Wanda ya tsira daga yaƙi kuwa, ƙarar ƙofa ma sai ta sa jikinsa rawa bayan shekaru.

Wato jiki ba ya ƙarya cewa wani abu ya motsa, amma ba kullum yake sanin mene ne ba. Shi ya sa masu magani ta hanyar Gendlin ba su cewa a bi duk abin da aka ji. Cewa suke a zauna da shi, a gwada masa suna, in bai dace ba a sake wani.

Malaman Musulunci ba baƙi ba ne a wannan fage. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi guda a kan yadda lafiyar jiki da ta rai ke sarƙe da juna. A hadisi na 27 cikin Arba'una na Imam Nawawi, Annabi (SAW) ya umurci sahabinsa Wabisa ya nemi fatawar zuciyarsa, ya kuma siffanta zunubi da abin da ke kai-kawo a ƙirji. Masu sharhi sun gindaya sharaɗi: wannan a kan abu mai shubuha ne, ba inda hukunci ya fito fili ba, kuma zuciyar da waswasi ko son rai ya cika ba a dogara da fatawarta. An kuma ruwaito cewa mai fushi, in a tsaye yake ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ta ƙafafu da baya aka bi don a kai ga zuciya.

Gwaje-gwajen da aka yi wa ire-iren wannan magani na sauraron jiki har yanzu ba su kai yawan na maganin tattaunawa da aka saba ba, kuma ciwon ƙirji da ya ƙi tafiya aikin likitan zuciya ne tukuna. Duk da haka, a ɗakunan da ake yin sa, idan mutum ya ce gabansa na faɗuwa, mai sauraronsa ba ya gaggawar ce masa ba komai. Yakan tambaye shi a daidai ina yake jin abin, nauyi ne ko zafi, sannan ya yi shiru ya ba shi lokaci ya duba.