Kyaftin Majid da Abin da Ba Ya Dawowa

A shekarar 1981 Yoichi Takahashi ya fara zana labarin Tsubasa, yaron da ya ɗauki ƙwallo aboki, a mujallar Weekly Shonen Jump ta Japan. Bayan shekara biyu labarin ya zama katun a talabijin, ya bazu cikin duniya. Larabawa suka raɗa wa yaron suna Kyaftin Majid, mutanen Sifen suka kira shi Oliver. Yaran da suka kalle shi yau wasunsu sun fara furfura, amma da sun ji waƙar buɗe shirin sai zuciya ta motsa. To, me suke kewa?

Ni a ganina ba katun ɗin ba ne, kuma sauyin sunan nan ya isa hujja. Wanda ya tashi a Khartoum muryar Larabci yake bege, ɗan Madrid kuwa Oliver yake nema. Ka kunna wa kowannensu na asali da Japananci, sai ya ji baƙo ne ya sa rigar ɗan'uwansa. An sake zana shirin a 2018 da launi mafi kyau, amma launi ba ya maido da yammacin da yara suka cika ɗaki, wasa ɗaya yana cin kashi da yawa ba wanda ya gaji. Johannes Hofer, wanda ya sa wa ciwon kewa suna a 1688, ya ɗauka kewar ƙasa ce. Daga baya masanin falsafa Kant ya lura cewa mutanen Switzerland da suka koma ƙauyukansu ba su sami abin da suke nema ba, domin ƙuruciyarsu suke nema, ita kuwa ba ta zaune a kowane gari.

Wani zai ce na rage wa aikin daraja, tunda 'yan wasa irin su Fernando Torres sun faɗa da bakinsu cewa ya zaburar da su. Gaskiya ne, katun ɗin ƙofa ce mai kyau, sai dai abin da ke bayanta ake so. Wani kuma zai ce lagwu ne babba ya riƙa begen wasan yara, kamfanoni ke hura wutar don su sayar da riguna. Cinikin yana nan, amma ɗan kasuwa bai ƙirƙiri kewa ba, tarar da ita ya yi. Ko Bilal, Allah ya yarda da shi, da zazzaɓi ya kama shi a Madina, ya riƙa ambaton kwaruruka da tsirran Makka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsawata masa ba. Addu'a ya yi Allah ya sa musu, shi da sahabbansa, son Madina kamar yadda suke son Makka, ko fiye.