Wa Za a Fara Koya wa Kwamfuta, Yaro ko Malaminsa?

Duk wanda ya zauna a Doha ya ga yadda yaran firamare ke sarrafa kwamfuta tamkar da ita aka haife su, ba zai rasa tunawa da ƙannensa na gida ba. Daga nan sai zuciya ta fara raya masa cewa da zai samu hali, da ya cika makarantun garinsu da na'urori. Niyyar tana da kyau, amma akwai tambayar da ya kamata mu tsaya a kanta tukuna: shin adalci ne a miƙa wa yaro na'urar da malaminsa bai iya kunnawa ba?

An taɓa gwada tsallake malami. A shekarar 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT da ke Amurka ya fito da shirin bai wa kowane yaro kwamfuta mai araha, bisa tunanin cewa yaro zai iya koya wa kansa abubuwa da yawa in dai na'urar ta shiga hannunsa. A 2007 aka gwada shirin a makarantar firamare ta Galadima, kusa da Abuja, amma bai bazu a Nijeriya ba. Ƙasar Peru kuwa ta sayi irin waɗannan kwamfutoci sama da dubu 800. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a makarantu 319 na karkarar ƙasar. Yaran sun ƙware wajen sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba.

A ganina asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Malami a wurinmu uba ne, kuma da girman da ɗalibai ke ba shi yake koyarwa. Ranar da yaro ɗan shekara 9 ya gane malaminsa na tsoron taɓa abin da shi yake wasa da shi, wani abu ya karye a ajin nan wanda gyara shi sai an sha wuya. Mu da muka kawo na'urar, mu ne muka kunyata dattijo a gaban 'ya'yansa, ko da ba mu yi nufin haka ba.

Wani zai ce ai ana horar da malamai. Ina da yaya da ke koyarwa a firamare. An taɓa kiran su bita ta kwana uku, mutum goma a kan kwamfuta ɗaya, bayanin duk da Turanci, aka ba su takardar shaida da kuɗin mota. Ta koma makarantar da ba wuta, ba kwamfuta. Da na tambaye ta me ta koyo, sai ta yi dariya ta ce, "Ƙanena, na dai koyi sunayen kayan." A rahoto an rubuta an horar da ita, saboda haka gobe in ta kasa, ita za a zarga. Wannan kuwa zalunci ne, domin an ɗora mata alhakin abin da ba a ba ta ikon yi ba.

Akwai kuma masu cewa zancen kwamfuta gaba ɗaya almubazzaranci ne a inda yara ke zaune a ƙasa, rufin aji na yoyo, albashi na makara. Sukan kawo misalin jihar Kaduna, inda a 2017 malaman firamare fiye da dubu 21 cikin kimanin dubu 33 suka kasa cin jarrabawar gwajin da gwamnati ta yi musu. Ba a gudu sai an iya tafiya, in ji su. Maganarsu na da nauyi, kuma na yarda cewa kwamfuta ba ta mai da wanda bai san darasinsa ba malami. Sai dai duniya ba ta jira mu ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta, kuma jarrabawar hukumar yi wa malamai rajista ma a kan kwamfuta ake yin ta. Ɗan mai hali ya saba da na'urar tun yana ƙarami, ɗan talaka kuwa sau da yawa sai gab da jarrabawa yake fara taɓa ta. Idan aka ce a jira sai komai ya gyaru, ɗan talaka ne zai biya kuɗin jiran.

Saboda haka abin da ya dace shi ne a fara da malami, kuma a yi shi da gaske. A koyar da shi da harshen da yake ji. A fara daga wayar da ke aljihunsa, tunda wanda ya iya tura saƙo a WhatsApp zai iya neman hoton zuciya ko taswirar Afirka ya nuna wa ajinsa. A ɗaura horon a kan aikinsa na kullum, kamar tsara darasi, rajistar yara da haɗa sakamako. A ba shi na'urar da zai riƙa taɓawa bayan bita, da hasken rana na caji, da wanda zai tambaya in ya maƙale. Muna da wuraren da za su iya ɗaukar wannan nauyi, kamar Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, da kwalejojin ilimi na jihohinmu.

Mu kuma fa? Kowannenmu da ke karatu a waje, wani malamin firamare ne ya fara kama hannunsa ya rubuta baƙi. Idan muka je hutu, mu nemi malamai biyu ko uku na makarantarmu ta dā, mu gaishe su yadda ake gaida iyaye, mu zauna da su mako guda muna nuna musu a hankali, ba a gaban ɗalibansu ba. Mu bar musu lambarmu. Su sun jure mana shekara shida, bai kamata mako ɗaya ya gagare mu ba.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya sa iliminmu ya amfani al'ummarmu, amin.