Zazzagowar mahaifa: hukuncin alwala, azumi da tiyata

Tambaya: Malam, ni mace ce a Gadarif, haihuwata takwas. Mahaifata ta zazzago, idan na daɗe a tsaye wurin yankan riɗi ko na ɗauki jarkar ruwa sai ta leƙo waje, in mayar da ita da hannu. A asibiti an ce a sa mini zobe, in bai yi ba a cire mahaifar. Yaya alwalata da azumina, kuma cirewar ta halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Baiwar Allah, Allah ya ba ki lafiya. Wannan larura ce da yawan haihuwa, doguwar naƙuda da ɗaukar kaya masu nauyi ke jawowa, kuma neman maganinta halal ne.

Leƙowar naman ba ta karya alwala. Mayar da shi da hannu ma, a mashahurin zancen Malikiyya, ba ya karyawa, sai dai wasu malamanmu sun ce in yatsu sun shiga ciki a sake, kuma sakewar ta fi kwanciyar rai. In fitsari yana ɗiga ba da sonki ba, ki duba: in ya kai rabin lokaci ko fiye, alwalarki tana nan, sabuntawa ga kowace salla mustahabbi ce. In bai kai ba, ki sake. Jinin da ke fita saboda gogar zane jinin rauni ne, ba a barin salla dominsa, amma ki nuna wa likita. Idan tsayuwa tana tsananta ciwon, ki yi salla a zaune. Annabi (SAW) ya ba Imrana ɗan Husaini wannan sauƙin lokacin da basir ya dame shi, kamar yadda Buhari ya ruwaito.

Zoben kuwa ba ya karya azumi. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa abin da ake sakawa ta gaba don magani ko dubawa ba ya ɓata azumi.

Cire mahaifa yana yanke haihuwa har abada, shi ya sa majalisar, a Kuwait a 1988, ta hana irinsa sai da larura. In likita amintacce ya tabbatar zobe da ɗinkin gyara ba za su wadatar ba, ya halatta, ki kuma shawarci maigidanki. Ki nemi likita mace, in babu, namiji ya duba ki a gaban mijinki ko wata amintacciya.

Abin da na hana ki shi ne cusa alif ko garin bagaruwa, balle yankan gishiri a hannun wanzami ko ungozoma. Yankan nan yana iya huda mafitsara, mace ta kamu da yoyon fitsari, don haka haramun ne.

Wallahu a'alamu.