Haƙuri da Karen da Aka Tsinta

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari ya san irin karnukan da nake nufi. Suna nan bayan rumfunan mahauta ranar kasuwa, suna nan a bakin juji, ramammu, haƙarƙari a waje, kunnuwa cike da kaska. Wasu 'ya'yan karyar da ta haihu a kango ne, wasu sun ɓace wa mafarauta lokacin farautar rani, wasu kuwa masu su ne suka gaji da su, suka kai su bayan gari suka yar. Jefi-jefi sai Allah ya sanya tausayin ɗaya daga cikinsu a zuciyar wani: mai lambu a fadama, ko mai awakin da ke neman abin da zai yi masa haushi da dare, ko saurayin da ya tarar yara sun ɗaura wa kwikwiyo igiya a wuya suna jan sa a ƙasa. Sai ya karɓe shi, ya kawo gida, ya zuba masa ruwa a tsohon kwano.

Ɗaukar ba ta da wuya. Wuyar tana zuwa ne bayan ya ƙoshi, ƙarfinsa ya dawo, wanda jiya ko ɗaga kai ba ya iya yi yau ya cika gida da gudu. Ya watsa kaji, ya tauna takalmin maigida, ya tone wurin da aka dasa barkono, ya daka wa baƙo tsalle, da dare kuma ya hana unguwa barci. Uwargida ta ce, "Malam, karen nan naka fa ya ishe mu." Maƙwabci ya leƙo ta katanga ya ce a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Daga nan mafi yawan mutane sanda suke ɗauka. Idan sanda ba ta yi ba, sai sarƙa a gindin bishiya dare da rana. Idan haushi ya ƙaru, sai daji.

Mu mutane ne masu yawan ba da haƙuri, amma duba waɗanda muka fi ba wa: marar lafiya, wanda aka yi wa rasuwa, matar da ta kawo ƙara gidan iyayenta, talakan da aka danne wa haƙƙi. Dukkansu babu abin da za su iya yi face haƙurin. Akwai wani haƙuri da ba mu cika yin wa'azinsa ba, na mutumin da sandar ke hannunsa, ransa ya ɓaci, kuma ya tabbata idan ya sauke ta babu mai tambayarsa dalili. Kare ba shi da dangin da za su zo bin kadi, ba shi da alƙali, ba shi da mai unguwa. Abin da kawai zai tsaya tsakaninsa da duka shi ne halin mai shi. Shi ya sa nake ganin kaɗan ne wuraren da ake gane haƙurin mutum na gaskiya kamar bayan gidansa, inda karensa yake kwana.

Na san abin da wani zai ce: ina ruwan Musulmi da kare har da za a ɓata takarda a kansa? Wannan tambaya ta cancanci amsa, musamman a wannan yanki. Sifawa, a ƙasar Boɗinga, nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa daga wajajen 1810 har ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. Fiƙihun da suka karantar, wanda har yau ake biyawa a zaurukanmu, na Malikiyya ne, kuma a wannan mazhaba kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki umarni ne da ake bi don bauta. Gaskiya ne hadisi ya yi gargaɗi cewa ladan mutum yana raguwa idan ya ajiye kare ba tare da bukata ba, amma shi wannan hadisin ne ya ware karen farauta da na kiwo da na gona. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare don gadi da katangar gidansa ta faɗi a lokacin da tsaro ya taɓarɓare. Wanda ke da shanu ko tumaki a ƙauye a wannan zamani na satar dabbobi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Kuma kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aya ta 4 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta naman da dabbar farauta ta kamo wa mai ita, da sharaɗin an horar da ita kuma an ambaci sunan Allah. Malamai sun yi bayanin yadda ake gane horarren kare: idan aka cuna shi ya tafi, idan aka tsawata masa ya tsaya. Zomon da irin wannan kare ya kashe halal ne. Wanda karen da ba a horar ba ya kashe kuwa mushe ne, sai fa idan an riske shi da rai an yanka. Kare iri ɗaya, zomo iri ɗaya, amma hukunci ya bambanta, kuma abin da ya raba su aikin ɗan Adam ne: watannin da wani ya yi yana kira, yana maimaitawa, yana danne fushinsa. Shari'a ta san da wannan aiki, har ta rataya halascin abinci a kansa.

To yaya ake yin sa? Farko dai a rage gaggawa. Karen da aka tsinta ya zo da tarihinsa a jikinsa. Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka wallafa a Amurka a 1965 ya nuna cewa makonnin farko na rayuwar kwikwiyo, daga kusan na 3 zuwa na 12, su ne lokacin da yake koyon sakin jiki da mutane. Wanda a waɗannan makonni abin da ya sani game da hannun mutum shi ne jifa, ba za a goge masa wannan da tuwo na kwana biyu ba. Idan ka sunkuya ɗaukar buta ya zabura, ba taurin kai ba ne, ya zaci dutse za ka ɗauka. Abin da yake bukata a kwanakin farko kaɗan ne: wuri guda mai inuwa wanda ba a taɓa shi idan ya kwanta, ruwa, da abinci a lokaci ɗaya daga hannun mutum ɗaya. A bar shi ya zo da kansa ya shinshina. Ragowar tuwo da ƙanzo da ɗan abin da aka samo wurin mahauci sun isa, sai dai a kiyaye shi da miyar da albasa ta yi wa yawa, domin albasa tana lalata jinin kare, a kuma hana shi dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya soki hanji.

Sai kira. Wannan shi ne tushen kome, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Kare yana haɗa sakamako ne da abin da ya yi yanzu-yanzu, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ɗauki misalin maigidan da ya dawo daga masallaci ya tarar an kashe masa ɗan tsako. Ya kira karen, karen ya zo yana kaɗa wutsiya, ya rufe shi da duka. A tunanin maigida ya hukunta kisan tsako. A wurin karen kuwa darasin shi ne: idan aka kira ka ka je, duka za ka sha. Gobe a kira shi ya noƙe, sai a ce ba ya jin magana, alhali ya ji ta sarai, ya kuma riƙe ta. Hanyar da ke aiki ita ce a kira sunansa ko a yi masa fito, da zarar ya iso a miƙa masa guntun ƙuli-ƙuli, a shafa shi, a sake shi ya koma wasansa. A yi haka na ɗan lokaci kaɗan, safe da yamma, a cikin gida tukuna, sannan a ƙofar gida, sannan a gona inda abubuwan ɗauke hankali suka yi yawa. Ranar da ya ƙi zuwa, kada a bi shi da gudu ana zagi, a koma baya mataki ɗaya a sake farawa. Ranar da ya zo a makare bayan ya gama yawonsa, a nan ne haƙurin yake da ɗaci, domin dole a karɓe shi da fuska a sake ko da zuciya na tafasa.

Tsofaffin mafarautan ƙasar nan sun san wannan ba tare da sun karanta littafin kowa ba. Sukan haɗa sabon kare da tsoho ya bi shi daji, ba sa kuma tsammanin ya kama wani abu a fitarsa ta farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rawar kan da ake kuka da ita kuwa ba laifi ba ce, halitta ce. Dubi karnukanmu na gida: dogayen ƙafafu, siririn ƙugu, faffaɗan ƙirji, ƙirar da ba ta da nisa da ta karnukan Buzaye na Azawak. An gina su don gudu ne. Idan aka ɗaure irin wannan dabba da gajeriyar sarƙa wuni guda, ƙarfin nan ba ya ɓacewa, yana komawa haushi da tono da cizo. Mai lambu a wajen madatsar ruwan Shagari, ko mai gonar gero a Danchadi, yana da maganin a hannunsa: ya tafi da shi gona da sassafe, ya bar shi ya yi gudunsa ya gaji. Sai dai a kula da zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a nan yakan wuce digiri 40, kare kuma ba ya gumi a jiki kamar mu, da haki yake sanyaya kansa. Fitar da shi gudu da tsakar rana a bazara zalunci ne, ɗaure shi inda inuwa za ta gushe ta bar shi ma haka.

Awaki da kaji su ne jarrabawa mafi tsawo. A riƙe shi da igiya a zauna nesa kaɗan da turke, duk lokacin da ya dubi akuya ya kau da kai a ba shi ɗan abu, a riƙa matsowa sannu a hankali cikin kwanaki. 'Yan tsaki kuwa a kife su a akurki har sai an amince da shi. Kuma dole mutanen gida su haɗa baki. Idan maigida yana hana shi shiga ɗaki, yara kuma suna jawo shi da lomar tuwo, idan wannan ya ce "zauna" wancan ya ce "kwanta" a kan abu ɗaya, to karen ba shi da laifi idan ya rikice.

Yaran nan ma suna kallo, kuma wannan ya dame ni fiye da batun kaji. Yaron da ya tashi yana ganin babansa na harbin kare da ƙafa duk lokacin da ransa ya ɓaci ya koyi abin da ake yi wa wanda ba shi da mai tsaya masa. Wanda ya ga babansa ya tarar da ɓarna, ya ja numfashi, ya gyara wurin, ya ce, "Ɗana, kawo igiyar mu sake gwadawa," shi ma ya koyi wani abu. A unguwanninmu jifan kare ya zama wasan yara, manya na zaune a kan tabarma ba mai cewa uffan. Kalma ɗaya daga dattijo ta isa ta sa a zubar da duwatsun.

Akwai wurin da jira ba haƙuri ba ne, sakaci ne. Karen da aka tsinta ba a san inda ya bi ba, ba a san abin da ya cije shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, yara da dama a cikinsu, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira. Allurar rigakafinsa ta karnuka kuwa tana nan, ana ma yin ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato. Don haka tun a makon farko a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, ko a kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a yi masa allura, a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, a kuma nisanta shi da ƙananan yara har sai an ga kamun ludayinsa. Idan ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, a killace karen a sa masa ido kwana 10. Kada a tsaya shafe-shafen gargajiya ana cewa ciwon ƙarami ne.

Wani karen kuma, duk da watannin da aka ba shi, ba zai daina kai wa mutane cizo ba. Mai shi ya koma wurin likitan dabbobi su yanke shawara tare, ko a samo masa mafarauci ko makiyayin da ke zaune nesa da cunkoson gari wanda zai iya da shi. Abin da bai halatta ba shi ne a ɗora shi a babur cikin buhu a kai shi bayan wani ƙauye a kwance. Can ma akwai awakin mutane, akwai yaran da ke zuwa ɗebo ruwa da safe.